Busar Fura Ce, Ba Ta Gawa Ba

Ranar sadakar bakwai ɗin Yaya, ga waɗanda suka zauna a gidansa, don kada gobe wani ya ce ba a gabansa aka yi ba. A zaure akwai liman da na'ibinsa, da mai unguwa, da babban ɗan Yaya mai sayar da hatsi a Dawanau, da sauran 'ya'yan Yaya maza biyu, da mijin 'yarsa ta fari da ya zo daga Gezawa, da tsofaffi uku da suka rage cikin waɗanda suka yi noman gayya tare da shi. Akwai kuma wani baƙo daga Kano mai furfura a gemu, mai haɗa wa 'yan fim kiɗa, wanda ya zauna can bakin ƙofa kusa da takalma. A cikin gida akwai matar Yaya cikin takaba, da 'ya'yansa mata huɗu, da surukai, da maƙwabta, da ni ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu bakwai aka haifa, yau ni kaɗai na rage. Allah ne ya ba mu shi, Allah ya karɓi abinsa, ba ni da ja a kan wannan. Abin da nake ja a kai daban ne.

Ni ban yi makaranta ba. Matar ɗana ce ke riƙe da biro, ni nake magana, kuma na gargaɗe ta kada ta tausasa mini ko kalma ɗaya.

A ranar kuka ya riga ya lafa, an koma faɗin alheri. Wata maƙwabciya ta ce shekara talatin awakinta na shiga gonarsa, bai taɓa jifansu ba, sai dai ya koro su har ƙofar gidanta ya yi sallama ya tambayi lafiyar yara. 'Yarsa ta biyu ta ce bai taɓa cin tuwo bai tambaya ko kowa ya samu ba. Matar Yaya carbi kawai take ja. Ina zaune ina kallon bakin kowa, ina jiran wadda za ta ambaci abin da aka san shi da shi tun daga nan har Tsanyawa. Babu wadda ta ambata. Sai 'yar autarsa ta ciro waya ta ce mu ga abin da jikoki suka haɗa. Hoton Yaya ne da farar hula, yana tafiya a hankali a fuskar wayar, a ƙarƙashinsa sarewa na kuka, an ja ta an ja ta kamar ana zare rai. Nan take gida ya sake rikicewa. Wadda ta share hawaye ta sake sabo. Wata ta ce ai wannan busar tun da can mutuwarsa yake yi wa, bai sani ba.

Na ce a kashe. Ba su ji ba, sai da na miƙe tsaye.

Ga wanda bai san garinmu ba, bari in faɗi abin da busar nan take. A nan gona na jingine da gona, gida na jin gida. In aka yi gayya, maza su taru su nome gonar mutum ɗaya, ganga ce ke tafe da su tun safe. In aka zo kunyar ƙarshe, ganga ta yi shiru, sai a busa sarewar kara. Busa ce gajeriya mai sauri, tana hawa sau uku ta sauko, kamar mai kiran kaji. Da mata sun ji ta daga gida sun san aiki ya ƙare, sai a ɗauki ƙoren fura a nufi gona. Busar fura muke ce mata. Babanmu ya yi ta, Yaya ya karɓa tun kafin ya yi gemu. Ni da ƙafata na yi gudu a kanta ina yarinya, ƙwarya a ka, Innarmu na bayana tana faɗan kada in zubar. Busar ƙoshi ce da tsokana da wanke ƙafa a bakin rijiya. Babu gawa a cikinta ko ɗaya.

Yaya ba mutum ne mai yawan magana ba, amma da kaka, in an karya dawa, yakan zauna gindin darbejiyar ƙofar gida da 'yar wuƙarsa da tarin kara. Duk yaron da ya tsaya kallo sai ya tafi da sarewa. Yakan sa karan a kunne ya ƙwanƙwasa da farce kafin ya yanka, cikin goma ya jefar da bakwai. Iyaye mata sun sha zaginsa a bayan ido, don kwana uku gari ba ya jin kunne.

Shekaru ashirin da wani abu ke nan, 'yan fim suka zo ɗaukar wani wasa a bayan gari, suka tarar da gayya. A cikinsu akwai wannan baƙon na bakin ƙofa, a lokacin saurayi ne siriri da wata na'ura rataye a wuya. Da ya ji busar sai ya bar abokan aikinsa ya bi Yaya har gida, ya durƙusa ya roƙi a sake masa. Yaya ya busa sau biyu. Ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har ya sa aka dama wa yaron fura. Abu ɗaya ne yaron bai yi ba: bai tambayi me busar take cewa ba.

Da Sallah ta zagayo, babban ɗan Yaya ya zo da talabijin da janareta da kaset ɗin fim ɗin. Bayan la'asar aka kafa a tsakar gida, maza a gefe, mata a gefe, Innarmu a kan tabarmarta, idonta ya riga ya tafi a lokacin. Aka yi ta kallo har aka zo inda uwar jarumin fim ɗin ta rasu, an ɗauko makara za a fita da ita. Sai ga sarewar Yaya. An rage mata gudu, an sa mata wani amo a baya kamar daga cikin rijiya. Kafin kowa ya yi motsi Innarmu ta ɗaga kai ta ce:

“Au, sun gama? To ku tashi mana, furar tana ɗakina.”

Tsofaffi suka fashe da dariya, ana fita da gawa suna riƙe ciki. Ɗan Yaya ya ji kunya, yana ta cewa a yi shiru. Ni Yaya na kalla. Bai yi dariya ba. Ya juya kujerarsa ya ba talabijin baya, a haka ya ƙarasa fim ɗin.

Daga ranar ya zama haka yake kallon fim, da ƙeya. Yakan ce in ido na kallo kunne lalaci yake yi. Abin ya zama masa kamar sana'a ta biyu. Magidanta kan kawo masa sabon fim a waya gindin darbejiya don kawai su ji hukuncin da zai yanke wa mai kiɗan. Bai san sunan ko ɗayansu ba, amma da an yi minti biyu zai ce hannun wane ne. Akwai wanda yake kira mai cika rami, wai kamar manomin da ke zuba iri goma a rami ɗaya: mutum ya buɗe ƙofa kiɗa, ya sha ruwa kiɗa, ya yi tari kiɗa. Yaya ya ce wannan tsoron shiru yake, kuma bai taɓa zama a gidan da aka yi rasuwa ba. “In rai ya fita,” in ji shi, “ba kuka ake fara ji ba. Shiru ake ji, sai kaza, sai wani ya yi salati. Shi kuwa tun mutum bai faɗi ba fiyanonsa ya fara hawaye.” Akwai wani da ke kwaso kiɗan Indiya ya sa masa hular Hausa. Wannan ba ya ko jin haushinsa, dariya yake ba shi. Yakan ce irin aro ne, zai yi ganye, ba zai yi zangarniya a ƙasarmu ba.

Sau ɗaya na ga ya juyo ya kalli fuskar waya. Wani fim ne, mutum ya dawo daga tafiya ya tarar rumbunsa ya ƙone. Mai kiɗan bai sa komai ba. Iska kawai ake ji da wata akuya can nesa, har mutumin ya tsuguna ya ɗebi toka a hannu, sannan aka buga kalangu sau ɗaya tak. Yaya ya sa aka maimaita masa wurin sau huɗu. Ya ce wannan ko dai ɗan manomi ne, ko kuwa an taɓa yi masa gobara. Ya ce haka makaɗin gayya na kirki yake, ba gangarsa yake kallo ba, ƙugun wanda aka bari a baya yake kallo, ya daidaita hannunsa da shi.

Amma in aka matsa masa wa ya fi duka, ba mai kalangun yake cewa ba. Yaron da ya ɓata masa busa yake cewa. Wannan ya ba ni haushi shekara da shekaru. Ya ce a cikinsu kaf babu mai kunnen yaron nan, shi ne ke jin abin da ke ƙarƙashin sauti, shi ya sa laifinsa ya fi na kowa nauyi. Wai da mai cika rami ne ya ɗauki busar, da an manta da ita cikin sati. Shi kuwa ya sa ta inda ta kama zuciyar mutane ta ƙi saki. Haka kuwa aka yi. Sauran masu kiɗan suka kwaikwaye ta da fiyano, duk fim ɗin da za a mutu sai ka ji ta. Har rediyo in za a karanta sanarwar rasuwa.

Yaya ya je Kano a kan maganar. Ya shiga bas daga Tsanyawa da sarewarsa a aljihu, ya yi ta tambaya har aka kai shi ɗakin da suke haɗa kiɗan. Da ya dawo shi ya ba ni labari da bakinsa. Yaron ya karɓe shi da girma, ya ce ai Baba busarka ta zagaye ƙasar Hausa, duk inda aka ji ta hawaye ake. Yaya ya ciro sarewar ya busa ta yadda take, da saurinta, ya ce masa: “Yanzu me ka ji, mutuwa ko yunwa?” Yaron ya ce yunwa. Ya ce fim ɗin ya riga ya bazu, ba ya kiruwa, amma zai gyara a wani.

Yaron ya kuma cika alkawari, wannan kam ba zan musa ba. Bayan shekara biyu ya sa ta a wani fim daidai inda ta dace, ana gama noma, mata na fitowa da ƙore. Me ya faru? 'Yan kallo suka yi ta jiran wanda zai faɗi a gonar. Da babu wanda ya mutu sai aka ce mai kiɗan ya rikice, ya sa kiɗan gawa a wurin cin abinci. Ɗan Yaya ya ji ana wannan hirar a Dawanau, ya kawo mana.

Duk da haka Yaya bai daina busa a gayya ba sai da aka kawo wata amarya daga wajen Gezawa, gidan maƙwabcinmu. Watanta biyu a gari, da ƙaramin ciki, mijinta na cikin gayya. Ta ji busar daga gona. Ita a fim ta san ta. Ta fito ba mayafi ba takalmi tana kiran sunan mijin, ta yi tuntuɓe a kan kunya ta faɗi. Allah ya tsare cikin, yarinyar da ta haifa ma yanzu an sa mata rana. Amma Yaya ya ga faɗuwar da idonsa. Ya je har gidan ya ba ta haƙuri, ya dawo ya soke sarewar a jikin danga. Tun daga ranar in an gama gayya waya ake bugawa a ce a kawo fura.

A kan wannan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya, na ce masa ya bar wa 'yan birni abin Babanmu, an ƙwace ya kuma sallama. Na ce a koya wa amare, ba a binne busa ba. Na kira shi matsoraci, a gaban matarsa. Bai ɗaga kai ba. Ya ce:

“Ke ba ki ga fuskarta ba. Ba zan sake tsorata 'yar mutane don a ce na iya busa ba.”

Wata uku ban taka gidansa ba. Shi ya zo, da ɗaurin rama a hannu, ya zauna ya yi hirar ruwan sama kamar ba a yi komai ba. Na karɓi ramar. Maganata kuwa ban janye ba, har yau ban janye ba. Ya fi ni tausayi, na fi shi gaskiya a wannan. Da muna da sauran lokaci da mun ci gaba da faɗan.

To, ranar bakwai da na sa aka kashe wayar, maganar ta kai zaure. Babban ɗan Yaya ya leƙo ya ce Gwaggo a yi haƙuri, shi ma bai so aka sa ba. Na ɗauka gefena yake. Sai ya ƙara da cewa gara ma a bar zancen busa gaba ɗaya, Baba ya daɗe da tuba ya bari, a tuna shi da noma da sallar jam'i. Ashe shi ya bi mata ɗaya bayan ɗaya tun ranar farko ya ce kada a ambata, wai abokan kasuwancinsa na zuwa gaisuwa.

Na ja mayafina na bi shi har ƙofar zaure. Na gaida liman, na gaida mai unguwa, na tsaya daga waje inda kowa zai ji. Na ce ɗan Yaya ya ce ubansa ya tuba, ina so a faɗa mini daga wane zunubi. Na ce kiran mata su kawo wa masu gumi abinci, in laifi ne, to duk wanda ke zauren nan ya sha laifin da ludayi. Na ce tausayi ne ya sa ya bari, ba kunya ba, kuma ba zan zauna 'ya'yansa mata su mai da busarsa kukan gawa, 'ya'yansa maza su mai da ita abin ɓoyewa ba.

Liman ya gyara zama ya ce shi dai tun yana ɗan shekara bakwai in ya ji ta yawunsa ke tsinkewa, bai kuma taɓa jin mahaifinsa, wanda ya riƙe limanci kafin shi, ya hana ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi dariya har da tari. Ɗan Yaya ya sunkuyar da kai, amma na san wuyansa, irin nawa ne, bai sauko ba.

Sai baƙon Kano ya taso ya durƙusa a gabana. Ya ce Inna shi ne mai laifin, ya nemi gafarar Baba tun yana raye ya kuma samu, yanzu tawa yake nema. Ya ce busar asali tana nan a wayarsa yadda Baba ya yi ta, bai taɓa ta ba, in na yarda ya kunna kowa ya ji. Na kalle shi. Ya tsufa. Na ce na yafe masa, don Yaya ya ce duk cikinsu shi ne mai kunne, kuma ban taɓa kama Yaya da ƙarya ba. Ya rufe fuska da hula. Amma na ce ya bar wayarsa a aljihu. A waya aka kashe ta, ba a waya za ta tashi ba.

Kafin a shafa fatiha mai unguwa ya yi sanarwa. Yaya ya rasu bai yi maimai a gonarsa ta gabas ba, ciyawa ta fara cin gero, saboda haka gobe duk mai fartanya ya fito. Na ce furar a wuyana take.

Washegari ina idar da asuba na sa aka hau daka. Da hannuna na dama, ƙwarya shida manya, na rufe da faifai na jera a inuwar rumfa. Na aika wa mai unguwa cewa furar nan ba ta san waya ba, in an kai kunyar ƙarshe a kira ta yadda aka saba kiranta. Na ɗauko kujera na zauna a gabanta.

Hantsi ya yi, ya wuce. Wayar 'yar auta ta yi ƙara, ta ce yayanta ne, wai an gama. Na ce ban ji ba. Aka sake bugowa ta wayar surukar gidan. Na ce har yanzu ban ji ba. Matar Yaya ta yi magana daga ɗaki, karo na farko a ranar, ta ce rana ta yi zafi, mutane sun yi wa mijinta aiki. Na ce gaskiya ne, na sa aka kai musu ruwa jarka biyu, don ruwa ba a hana shi. Fura kuwa tana nan. Mata suka zagaye ni, ƙuda na bin faifai ina kora. Inuwar rumfa ta janye har ta bar ƙafata a rana. A raina na ce in har azahar ta yi ba a busa ba, to Yaya ya yi gaskiya ni na yi kuskure, zan kai musu in dawo in rufe bakina har in bi shi.

Sai na ji ta daga gabas. Tsohon kara ne, da ji wani ya zare shi daga danga ya huda da gaggawa. Ta shaƙe a hawa na biyu, mai busar ya tsaya ya sake daga farko. Babu daɗi. Amma da saurinta ta zo. Ban san wa ya busa ba, ban kuma tambaya ba har yau.

Wata amaryar bana da ke kusa da ni ta dafe ƙirji ta fara salati. Na kama hannunta na ce ba wanda ya mutu, yunwa suke ji, ta ɗauko ludaya. Na naɗa gammo, na sa aka ɗora mini babbar ƙwaryar, na wuce gaba.